Ɗakin da Zaharaddeen Ya Gina a Rami

Ni kafinta ne, sunana Tajudeen, kuma duk da sunan nan a Funtuwa aka yanke mini cibiya. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ina Bayarabe ya san zancen daɓe. Na sani. A kan idona aka yi na ƙarshe da na taɓa gani, kuma ni na yi ƙofar ɗakin da aka yi shi.

Ɗakin na abokina ne, Zaharaddeen Jibo. Benci ɗaya muka zauna tun aji uku na firamare. Mahaifinsa, marigayi Malam Jibo, Bafulatani ne daga wani ƙauye na wajen Musawa. Shanu suka ƙare a hannunsa ya rungumi fartanya, daga baya ya kwaso iyali ya sayi fili a bayan gari, kan hanyar Dandume. Fulatancin gidan bai wuce gaisuwa ba.

Zaharaddeen kunne gare shi, kunnen da ni dai ban taɓa gane ko baiwa ce ko jarrabawa ba. Da ya girma ya yi gyaran rediyo, ya koma tura wa mutane waƙoƙi da karatu a waya, daga nan ya samu tsohuwar kwamfuta ya fara haɗa wa masu maganin gargajiya tallan da suke sakawa a lasifikar mota. Damina ta faɗi ya rufe shago ya nufi gonar masararsa kamar kowa. Mutum ne mai sanyin hali, bai iya faɗa ba, amma a kan sauti ba ya jin lallashi. Na ga ranar da ya sa wani mai maganin basir ya maimaita tallansa sau goma sha huɗu, saboda wai akuya ta yi kuka a can bayan layi. Mutumin ya rantse bai ji komai ba, ni ma ban ji ba. Zaharaddeen ya ce shi ya ji, kuma ba zai saki aikin da akuya a ciki ba.

Mahaifiyarsa ita ce Inna Tsohuwa. Ba tsufa ya ba ta sunan ba, sunan kakarta ta ci, shi ya sa tun tana zanen goyo ake kiranta haka. Zaharaddeen ne autanta, kuma Auta take ce masa. A ƙauyensu ita ce mai ba da waƙar daɓe. Ga wanda ya tashi a zamanin siminti, daɓe shi ne yadda ake yi wa ɗaki ƙasa a da: a baza tsakuwar marmara, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere da madaɓai na itace su yi ta dukanta har ta kwanta ta yi sumul, sannan a shafe ta da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Mace ɗaya ke ba da waƙa, saura suna amshi, duka yana tafiya da waƙar. An ce a shekarun Inna har daga ƙauyukan Matazu ake aiko mata da goron gayyata. Yawancin waƙoƙin nata ne na kanta, kuma babu inda suke sai a kanta.

Wata shekara, bayan an kai amfani gida, Inna ta yi tari mai tsanani. Ta tashi, amma muryarta ta ɗan dushe. Zaharaddeen ya same ni a shago ina fere katako, ya zauna ya ce, "Taju, in Inna ta tafi yanzu, ko muryarta ba ni da ita. Na ɗauki muryar masu maganin basir sun fi hamsin."

Na ce, "To ka ɗauka mana. Ba ga waya a aljihunka ba?"

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce in zo in tsaya a tsakar gidansu in saurara. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Jikin katangarsu injin niƙan maƙwabcinsu Ɗanasabe ne, daga hantsi har la'asar yana ta ɓaɓatu. Gaba ga titi, babura ba sa yankewa. Ya ce waƙar da Inna ta shekara hamsin tana riƙe da ita ba za a ajiye ta cikin hayaniyar inji ba, sai an yi mata ɗaki na musamman, wanda ko ƙuda ya gifta a ciki za a san ya gifta. Zuwa Kaduna ko Kano a kama ɗakin ɗaukar murya kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma Inna ba ta iya zaman mota.

A bayan ɗakunansu akwai wani rami, inda Malam Jibo ya haƙi ƙasar da ya yi tubalin gidan. Shara ake zubawa a ciki. Nan Zaharaddeen ya kai ni ya nuna mini. Ya ce ya bincika, ƙasa ce ta fi komai shanye ƙara, kuma ga rabin haƙa Baba ya riga ya yi masa kyauta. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce mutane na gina bene su hau sama, shi zai gina nasa ya nufi lahira. Amma washegari na zo da awona, don ban iya ce masa a'a ba.

Aikin marasa ƙarfi muka yi, abin da gari ya zubar shi muka tsinta. Muka ƙara zurfin ramin, muka ɗaure shi da bulo layi biyu, tsakaninsu muka bar faɗin tafin hannu muka ɗura ƙaiƙayin shinkafa. Rufin na yi shi da ragowar katakon shagona, muka jera buhunan garin katako a kai, sama kuma muka kafa rumfar tsohon kwano. Don iska muka sa bututun roba mai lanƙwasa biyu, wai in ƙara ta shigo ta gaji a hanya. Muka sassaƙa matakala tara. Duk wanda ya leƙo sai ya tambaya ko ma'ajiyar masara ce, mu kuma mu ce e, don mun gaji da bayani.

Da aka zo kan ƙasan ɗakin sai aljihu ya ce bai san zancen ba. Siminti ya yi tashin da ba mu zata ba. Muna tsaye muna jajanta wa juna Inna ta dafa sanda ta leƙo ramin. Ta ce, "Auta, ɗakin da aka haife ka siminti ne a ƙasansa? Ku samo mini marmara da ɓawon ɗorawa, ku ba ni wuri."

Ta aika aka kira mata ƙawayenta uku da suka rage, duk 'yan ƙauyensu da zama ya dawo da su Funtuwa. Zakiyya, matar Zaharaddeen, ta dama fura a babbar ƙwarya. Ni na sassaƙa madaɓai huɗu bisa kwatancen Inna, ta dawo mini da biyu ta ce waɗannan muciya ce ba madaɓi ba. Ranar wata Laraba da hantsi, cikin zafin bazara, muka riƙe tsofaffin nan muka saukar da su ɗaya bayan ɗaya. Lokacin ba ƙofa, haske na shiga, bangon kuma tsirara yake. Suka kore mu, don namiji ba ya tsayawa wurin daɓe, in ya tsaya kuwa abin da kunnensa ya ji shi ya saya. Muka koma bakin matakala muka zauna.

Duka ya fara, tim, tim, a hankali, sai ya daidaita. Sai muryar Inna ta taso. Wallahi ban san matar nan ba sai ranar. Dushewar nan duk ta tafi. Tana bayarwa, saura suna amsawa da "kwanta ƙasa, kwanta," madaɓai na sauka tare. Ta yi habaici ga surukai, ta yi wa mazan da ba sa cefane tas, ta yi waɗansu baitocin da ba zan iya maimaitawa a takarda ba. Har ni ban tsira ba, ta jawo sunan mahaifiyata Silifat ta ce:

"Ɗan Silifa mai ƙusa a baka,
ya auna ƙofa, bai auna tumbinsa ba."

Tsofaffi suka bushe da dariya, duka bai tsaya ba.

Can wajen azahar sai ta sauya. Ta shiga wata waƙa mai tsawo, tana kiran shanun Malam Jibo ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da inda kowace ta faɗi, da ranar da ya dawo gida da igiya kawai a hannu. Ta ambaci wata 'yarta da ta rasu a goye, wadda Zaharaddeen bai taɓa jin an kama sunanta a gidan ba. Na waiga na gan shi hawaye na bin gemunsa.

Zakiyya ta hauro da sauri, hannunta duk jar ƙasa. Ta ce wa mijinta, "Baban Amatullahi, ba ni wayarka in ɗauka. Inna ba ta taɓa yin wannan ba."

Ya sa hannu a aljihu, na gani da idona. Sai ya karkata kai yana saurare. Injin Ɗanasabe na ta aiki, bangon ramin na mayar da murya biyu-biyu, dukan madaɓai na danne rabin kalmomin. Ya zare hannunsa babu komai. Ya ce, "Ba zai yi kyau ba, Zakiyya. Ki ji yadda ɗakin ke amsa-kuwwa. A bari a gama, wata ɗaya ne. Za ta yi mana ita tsaf."

Ta tsaya tana dubansa, sannan ta juya ta koma. Ni ma da waya a aljihuna, kuma ban fito da ita ba. Na ce a raina ai shi ne masani. Wannan abin har yau yana ci mini rai, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Wata ɗaya ya zama wata takwas. Damina ta sauka, abin da aka tanada don ɗaki ya tafi ga taki, shi kuma ya tafi gona. Cikin watan Agusta ruwa ya tsattsafo ta bangon gabas, ƙaiƙayin ya jiƙe ya fara wari, sai da muka fasa gefen muka kwashe, muka haƙa magudana ta zagaye rumfar. Daɓen Inna kuwa ko gezau, ruwan ya kwanta a kansa kwana biyu bai yi laushi ba. Da kaka ta yi muka koma ciki. Muka samo sharar auduga daga wani gidan gurza muka cusa a buhuna muka manna a bango, muka rufe da bargunan gwanjo. Ƙanwata mai sayar da ƙwai ta tara mana kwalayen ƙwai muka lulluɓe rufin da su. Zaharaddeen ya ce su ba sa tare ƙarar waje, amon ciki kawai suke kashewa, na ce ko ma me suke yi ai kyauta ne. Ƙasa ya shimfiɗa tsohuwar katifa da ya yayyanka, ya ɗora kafet. Na yi ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya, na bi bakinsu da robar tayar babur. Wuta kuma daga batir da faifan sola, don janareta ba shi da wuri a nan.

Ranar da muka gwada, ya sa ni ciki ya rufe. Injin Ɗanasabe na aiki a sama, amma shiru kake ji. Na tafa hannu, tafin ya mutu a wurin kamar an taka shi. Na yarda abokina ya san aikinsa, na kuma ji tsoro ya ɗan kama ni.

Cikin watannin nan ɗaya daga ƙawayen Inna ta rasu, ɗaya ɗanta ya ɗauke ta zuwa Zariya, ta ukun kuma gwiwa ta kwantar da ita. Zaharaddeen bai damu sosai ba. Ya ce dama muryar Inna yake so ita kaɗai, amshi ana iya ɗora shi daga baya.

Aka sa rana, wata Asabar da safe. Inna ta yi wanka ta sa zanenta na saƙi. Da muka kawo ta bakin matakala ta tsaya, ta dubi ƙofofin nan biyu da duhun da ke bayansu. Ta ce, "Auta, wancan karon rami na shiga. Wannan kuwa ya yi kama da inda ba a shiga da ƙafa."

Ya ce, "Inna, minti kaɗan ne. Ga fitila, ga Taju."

Muka zaunar da ita a kujera, ya saita mata makirfo a gaban baki, na ja ƙofa. Ta ce tana jin jininta na gudu a kunnenta. Ya ce ta fara duk inda ta ga dama. Ta buɗe baki ta ja baiti ɗaya, muryar ta fito siririya, ta tsaya tana jiran amshi. Babu mai amsawa, ko bangon bai amsa ba. Ta sake ja, ta kai tsakiya, ta ɓace.

Ya ce, "Ta shanun Baba, Inna. Wadda kika yi ranar daɓe."

Ta ce, "Na yi ta?"

"Kin yi ta. Tun daga farko har ƙarshe."

Ta daɗe tana duban hannuwanta a kan cinya. Ta ce, "Ni fa ba a zaune nake yinta ba, Auta. Hannu ke jawo ta. In madaɓi ya sauka, kalma ta biyo shi, in 'yan'uwa suka amsa, ta gaba ta zo. Haka kawai a kujera ban san inda zan kamo ta ba."

Na haura da gudu na ɗauko madaɓi. Muka durƙusar da ita, ta daka shi a kan kafet, ya yi luf, ko sauti babu. Wata takwas muka yi muna kashe ƙara a ɗakin nan, kuma ƙarar ta mutu. Zaharaddeen ya yaye kafet da katifar da hannunsa, daɓen ya bayyana, ja, sumul. Ta buga sau uku, itacen ya yi tsalle ya girgiza mata kafaɗa. Ta ajiye. Ta ce ƙasar da ta riga ta kwanta ba a ce mata ta kwanta, kuma ita kaɗai ba ta daɓe. Ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce, "Fitar da ni, Auta. Numfashina ba ya kaiwa."

Da yamma Zaharaddeen ya zo shagona. Ya ce ya gane, zai fasa daɓen da diga, a kawo sabuwar marmara, a buɗe ƙofofin duka, a nemo mata ko daga Musawa ne, a yi yadda aka yi ranar, inji ya yi ta kukansa. Na ce haka ya kamata. Muka sa Juma'a ta sama, don a samu lokacin aika saƙo ƙauye.

Ranar Talata Inna ta faɗi a bakin randa tana alwalar azahar. A asibiti suka ce hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin dama. Ta rayu, tana nan har yau, tana gane kowa, tana cin abinci in an ba ta. Magana ce babu. An yi na asibiti, an yi na gida, masu maganin da ya yi wa talla babu wanda bai kawo nasa ba. Shekara ta biyu ke nan.

Mun zauna mu uku, ni da shi da Zakiyya, mun yi ƙoƙarin harhaɗa waƙar shanun. Zakiyya ta tuna sunan saniya biyu. Shi mai kunnen nan bai riƙe kalma ko ɗaya ba, ya ce lokacin hankalinsa na kan amon bango. Ni kuwa abin kunya, baitin tumbina kaɗai ya zauna mini. Ƙawar Inna mai ciwon gwiwa ta ce su amshi suka sani, bayarwa ta Tsohuwa ce.

Ɗakin yana aiki. Masu talla na zuwa har daga Malumfashi, masu waƙar biki ma sun gano shi, kowa na yaba yadda murya ke fita. Bai fasa daɓen ba, bai kuma mayar da kafet ba. A kwamfutarsa akwai abin da ya ɗauka ranar Asabar ɗin nan, minti goma sha ɗaya. Sau ɗaya ya sa mini. Babu inji, babu babur, babu akuya. Ana jin numfashinta, ana jin zanenta in ta motsa, da baiti ɗaya da rabi, da tari, da "Fitar da ni, Auta." Ban taɓa jin sauti mai tsabta irinsa ba, kuma na roƙe shi kada ya ƙara sa mini.

Yanzu kullum da hantsi Zakiyya kan fito da Inna inuwar darbejiya ta shimfiɗa mata tabarma. In aka fara daka a turmi, hannunta na hagu, mai lafiyar, sai ya fara bugun ƙasa yana bin taɓarya, leɓɓanta na motsi. Zaharaddeen ya haƙiƙance waƙar ce take yi. Ya jawo waya mai tsawo daga ɗakin ƙasa, ya hauro da makirfon nan da ya fi komai nasa tsada, yana ajiye shi a gefen tabarmar, cikin kaji da hayaƙin murhu. Ba ya goge komai yanzu.

Shekaranjiya na je na same shi durƙushe a gabanta, ya kafa kunne dab da bakinta, injin Ɗanasabe na ta ɓaɓatu a bayan katanga. Na tambaye shi ko ya ji wani abu. Ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai.

Ya ce, "Inji kawai nake ji, Taju." Ya mayar da kunnensa.